Tankin Lemon Citta a Walimar Alhaji Bawa

Ko zan manta komai na aikin nan, ban jin zan manta warin da ya bugi hancina lokacin da na murɗa famfon tankin lemo a ƙofar gidan Alhaji Bawa, a Argungu. Kumfa ce ta fara fitowa da ƙarfi, ta cika kofi ta zubo mini a hannu. Na ɗaga hannun zan yarfe, sai na tsaya. Ƙanshin citta yana nan, na kanumfari yana nan, amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu mai tsami-tsami, mai hawa kai, wanda ba ni na zuba shi ba. Kuma na san shi. Duk taron nan, malamai da 'yan kasuwa da manoman Gulma da suka zo taya Alhaji murnar dawowa daga aikin Hajji, ni ce wadda bai kamata ta san warin nan ba. Mahaifina yana zaune a tabarmar gaba.

Madam Rahila, shugabar kicin ɗinmu, ita ta ce in rubuta wannan saboda ku da kuka shigo aiki bayana, tunda ta ga in na fara faɗa da baki murya tana ƙwace mini.  Bari in koma farko, don wanda bai san aikin ba ya gane.

Sunana Hauwa'u, a gida Kulu ake ce mini. Ina kula da sito a masaukin baƙinmu na nan Birnin Kebbi. A tsarin gidan, Manaja ne a sama, sai Madam mai kula da kicin da duk abin da ake ci ake sha, sai masu girki, sai ni, sai masu kai abinci ɗakuna. Aikina in karɓi kaya in fitar, in riƙe mabuɗai, kuma in taya Madam haɗa lemon citta, wanda shi ne abin da aka san gidanmu da shi.

Da na gama sakandare Baba bai so in yi aiki ba. Malami ne, a zauren gidanmu na Badariya magidanta ke ɗaukar karatu wurinsa. Sai da Inna ta yi ta lallaɓa shi, sannan ya yi tambaya guda: ana sayar da giya a gidan? Aka ce masa a'a. Gaskiya ne kuwa, ba a sayarwa. Ya kira ni ya ce, "To ki tahi. Amma ranar da nij ji hannunki ya taɓa abin da ya shafe ta, kin gama aiki." Na ce na ji, na kuma yi alkawari.

Ga yadda muke lemon, yadda Madam ta koya mini. A dafa citta da tsamiya da kanumfari da sukari, a tace, a bari ya huce. A zuba a tankin ƙarfe mai murfin da iska ba ta fita, a sa a firji ya yi sanyi ƙarara, domin gas ɗin, irin mai sa wa lemon kwalba kumfa, ba na girki ba, ba ya son shiga abu mai ɗumi. Sai a haɗa tiyo daga tukunyar gas zuwa tankin, a buɗe a hankali, ido yana kan agogon tukunyar har allurar ta kai inda Madam ta ɗiga jan fenti. A kwantar da tankin a riƙa mirgina shi a ƙasa. Za ki ji gas yana shiga yana gurnani, in ya yi shiru to lemo ya ƙoshi. Abin da kika zuba shi za ki tarar. Gas ɗin baƙo ne kawai, ya shiga ya zauna bai canza komai ba. Wahalarsa ɗaya: in tukunya ta ƙare, sai an kai ta Sakkwato an cika.

Bayan na fara aiki da 'yan watanni aka sauke mana wani Bature, injiniyan da ke aikin ruwa a fadamar Zauro. Ma'aikata Dogo suke ce masa. Mutum ne mai fara'a, ba ya raina kowa, amma da tankunansa ya zo, irin namu sak, don shi da kansa yake haɗa giyar da yake sha. Manaja ya ba shi ɗan ɗakin da ke bayan sito ya ajiye su, saboda ya fi ko'ina sanyi. Mabuɗin ɗakin kuwa yana cikin zoben mabuɗaina. Ni ke buɗe masa, ni ke auna masa sukari, wani lokaci ma ni ke share ɗakin ina toshe hanci da gyale. Ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina ai ba sha nake ba, ba sayarwa nake ba, kuma in na faɗa aikin ya tafi.

Wata rana na ga Dogo ya narka sukari a ruwan zafi, ya zuba cikin tankinsa, ya rufe ya ture shi lungu. Ba tiyo, ba tukunya. Na tambaye shi daga bakin ƙofa, to ina gas ɗin zai fito? Ya yi dariya ya ce hanya biyu ce. Ta tukunya tana da sauri, amma sai ka jira motar Sakkwato. Tasa kuwa, akwai yis a cikin abin, da ransa. In ka ba shi sukari ya ci, sai ya riƙa fitar da iska, ita kuma da ba ta da hanyar fita sai ta koma cikin ruwan. Ya ce kumfar wannan ta fi laushi, haƙuri kawai take so. Bai ƙara komai ba, ina jin ya ɗauka na san sauran. Ni kuma ban ƙara tambaya ba, don ban son a gan ni na daɗe a ƙofar ɗakin nan.

Yis dai na san shi. Shi muke sa wa burodi, shi Inna ke sa wa fanke da azumi mu sha ruwa da shi. Ban taɓa jin wanda ya ce haram ne ba. Na ɗauka mugun abin yana cikin hatsin da Dogo ke dafawa da wani ganye mai ɗaci da yake zubawa. An koya mana a makaranta cewa in yis ya ci sukari abu biyu yake fitarwa, har na rubuta a jarrabawa na ci. Guda ɗaya na riƙe. Na biyun sai a Argungu ya faɗo mini.

Alhaji Bawa dillalin shinkafa ne, kuma abokin Baba tun suna yara wurin karatu. Ya taɓa shan lemonmu ya yaba, shi ya sa tun yana Makka babban ɗansa ya zo ya ce a tanadar musu tanki guda na walima. A makon ne aka aiko wa Madam mahaifiyarta ba lafiya a Zuru. Ta tafi ta bar mini kicin, tana cewa, "Kin dai ga yadda nake yi. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na dafa, na tace, na zuba, na sanyaya. Na buɗe tukunya, allura ta ƙi tashi daga kwance. Na gaya wa Manaja, ya tura Umaru direbanmu Sakkwato, ya dawo da ita yadda ya kai ta, wai su ma jiran kaya suke. Manaja ya dube ni ya ce, "To ke 'yar boko, ba wata dabara?" Da wasa ya faɗa. Da na ce masa babu, a kai musu lemo ba gas, da shi ke nan, ba wanda zai mutu. Amma ina so Madam ta dawo ta ji an ce Kulu ta iya. Na ɗauko yis ɗin burodi na jiƙa, na ƙara sukari, na zuba a tankin, na rufe na fitar da shi daga firji kamar yadda na ga Dogo ya yi.

Da ya kwana biyu na ɗiba na ɗanɗana. Zaƙi raɗau, kumfa ƙanana suna tsalle a harshe, ya ma fi na tukunya daɗi. Manaja ya kurɓa ya ce, "Ashe dai kina da kai." Bai tambaye ni yadda na yi ba, ni ma ban faɗa ba.

Sai labari ya zo jirgin alhazai bai taso ba. Aka ɗaga walima. Aka sake ɗagawa. Duk wanda ya taɓa jiran mahajjaci ya san yadda abin yake, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Ga damina, ga zafin nan mai nauyi da ke zuwa kafin hadari, ga wuta tana yawan ɗaukewa, firjin ma an cika shi da nama da kifi. Tankin yana lungun sito. In na wuce sai in shafa shi, in ji shi a cike tam, in ji daɗi wai gas bai gudu ba. Ban sake ɗanɗanawa ba don kada ya ragu.

Ranar walima ni da Umaru muka ɗora shi a a-kori-kura muka kama hanyar Argungu. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, ni kuma ina ta tsara yadda zan ba Madam labari. An kafa rumfa a ƙofar gida, maza sun cika tabarmi. Muka tsaya gefe, bayan mota, inda zan riƙa cika kofuna Umaru yana kaiwa a tire.

A nan na murɗa famfon, na ji abin da na ji. Warin ɗakin Dogo ne, ba ko tantama.

Abin da ya biyo baya shi ya fi komai ba ni kunya, kuma Madam ta ce kada in tsallake shi. Ban rufe famfon ba. Na tsaya da kofi a hannu, zuciyata tana cewa: kowa ɗan kofi guda zai sha. Waɗannan mutane ba su san ta ba, za su ce citta ce ta yi yawa. Wanda ya gane ma ba zai faɗa ba, don faɗar tonon asirin kansa ne. In kuwa na yi magana, tambayar farko ita ce ina na san ta, a gaban Baba. Sai na cika kofin. Na cika na biyu. Na ci gaba har tire ya cika.

Umaru ya sunkuya zai ɗauka, na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi, ya kawar da kai ya ɗauki tiren ya tafi.

Alhaji Bawa, cikin farar jallabiyar da ya zo da ita, shi ya fara miƙa hannu. Na ji shi yana cewa, "Malam, ga abin da nike ba ka labari. Ɗiyarka ce tay yi shi da hannunta." Ya yi bisimilla ya kurɓa. Mutumin da ya dawo daga ɗakin Allah, wanda tun safe ake layi ana neman addu'arsa. Na ga ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya ɗauki wani kofin ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya karɓa.

Ban san yadda na ratsa mazan nan ba. Daga baya aka ce mini ko takalmi ban cire ba na taka tabarma. Na dai tsinci kaina a durƙushe gaban Baba.

"Baba, kada ku sha."

Ya dube ni, kofin yana kusa da bakinsa. "Lahiya?"

"Ya ɓaci, Baba. Ya zama giya."

Wurin ya yi tsit, har ina jin kumfa tana ƙara a cikin kofuna. Alhaji ya juya ya tofar, ya fizgi buta yana kurkure baki yana istigfari. Wani dattijo daga Gulma, mai ƙaton rawani da murya kamar ta mai shela, ya ce, "Wagga ɗiyar wa ce?"

Aka ce ɗiyar Malam ce.

"To ɗiyar Malam, ke ina kinka san warin giya?"

Ina iya cewa a littafi na karanta. Amma ba a jin wari a littafi, kowa ya sani. Na ce, "Akwai mai yin ta a wurin aikinmu. Mabuɗin ɗakin yana hannuna."

Baba ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Bai dube ni ba.

Wani daga baya, ina jin don ya rufa mini asiri, ya ce ƙila yarinya ta ruɗe ne, ai kunu ma in ya kwana yana tsami. Aka ce to a duba. Kofi ya fara zagaya tabarma. Kowa ya karɓa sai ya kai hanci nesa-nesa ya miƙa gaba.

"Ni dai citta nika ji."

"Allah shi tsare ni, ban san ta ba balle in shaide ta."

"Miƙa ma Alhaji Ɗanjuma, shi yay yi zaman Ikko."

"Zaman Ikko niy yi, ba zaman mashaya ba. Wuce da shi."

Dattijon Gulma ya hango Umaru yana raɓe da tire a ƙirji. "Kai direba, ku ne kunka san gari-gari. Zo shaƙa ka gaya muna."

Umaru ya ce, "Baba, mura nika yi tun shekaranjiya."

"Wagga mura ta san lokacin zuwa."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai yi ba. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Tunda mai abu ta ce abinta ya ɓaci, mi ya rage na bincike? A zubar."

Ni da Umaru muka ja tankin bayan gida muka sake shi a kwata. Yana fita yana huci kamar abin da aka daɗe da ɗaurewa. Da ya ƙare, Umaru ya ce, "Ni ina da 'ya'ya, Kulu. Ba ni iya faɗi." Na ce na sani.

Hajiya, uwargidan Alhaji, ta aiko a shigo da ni. Na zaci zagi zan sha. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce mai lemon? To kuka ba ya shayar da baƙi. Kama taɓaryar can." Aka dafa zoɓo a babbar tukunya, ni na daka cittar, hawaye yana zuba ina sharewa da kafaɗa. Mata suna wucewa suna kallona. Wata ta ce wa ta kusa da ita, yadda zan ji, "Boko ke nan. A kai ɗiya ta koyo abin da uwarta ba ta sani ba."

Ana cikin haka wata jar akuyar gidan ta shigo daga wajen kwata tana tangaɗi. Ta nufi turmi ta kauce, ta nufi bango ta jingina, ƙafafun gaba suka harɗe ta zube, ta tashi ta sake zubewa tana wani irin kuka. Gida ya kaure da dariya har maza suka leƙo. Na ji muryar dattijon nan daga zaure yana cewa, "To ga shaida ta zo. Ita ba ta jin kunyar kowa." Har lokacin ashe akwai wani ɓangare na zuciyata da ke fatan a ce na yi kuskure. Akuyar nan ta kashe shi.

Baba a motar wasu ya koma Birnin Kebbi. Da na isa gida na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kai. Washegari na yi shirin aiki, na tarar da Inna tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam ya ce ki zauna." 

Na zauna. Ban iya cin abinci, in na rufe ido sai in ga hannun Alhaji yana miƙa kofi. Labari kuwa ya riga ni isowa Badariya. Ina jin masu ɗaukar karatu in sun fito zaure suna rage murya. Abin da ya fi ci mini rai, Baba bai yi faɗa ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Yana wucewa ta tsakar gida kamar ba kowa a wurin.

Madam ta dawo daga Zuru ta zo har gida. Ta gaisa da Inna, ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado, ta ce in faɗa mata tun daga farko. Da na kai wurin yis ta dafe kai.

"Yarinyata, gas ɗin tukunya in kin rufe ya tsaya. Na yis abu ne mai rai. Shi bai san an ɗaga walima ba, ci kawai yake, yana ba ki kumfa da hannun dama yana ba ki giya da na hagu. Ranar da kika ɗanɗana ma ya fara, bai dai yi ƙarfi ba ne."

Na ce, "Ke nan ni ma na sha."

"Ke da Manaja. Shi ma tun da ya ji yake ta wanke baki." Ta yi 'yar dariya, ta ga ban yi ba, ta daina. "A garinmu ƙaramar yarinya ta san wannan, don tana ganin ana burkutu. Ke an tsare ki, ba ki sani ba, wannan ba abin kunya ba ne. Amma kin ga abu a ɗakin mai giya, kin kwaso kin zuba a abin da Musulmi za su sha, ba ki tambayi kowa ba. A nan kika faɗi."

Ta ce Dogo ya ji, hankalinsa ya tashi, ya kwashe tankunansa ya mayar can masaukin ma'aikatansu na Zauro. Ta ce ta yi magana da Manaja, wurina yana nan. "Amma ba ni ke da ke ba. Sai abin da babanki ya ce."

Ku da kuka zo bayana, dokokin nan biyu da kuka tarar a kicin daga nan suka fito: ba a sa yis a abin sha, ko gas ya ƙare a kai shi haka nan, kuma ba tankin da zai bar gidan nan sai an ɗiba an shaƙa an ɗanɗana a ranar. Amma abin da ni na gane ya wuce doka. Mutanenmu in ka miƙa musu abu, bisimilla suke yi su sha. Ba sa bincike, kuma ko sun ji wani abu kunya ba ta barinsu su faɗa. Duk tsaron da suke da shi, shi ne hannun da ya miƙa musu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji tsayuwar mota, na ji muryar Alhaji Bawa yana sallama.  Sun daɗe a zaure, sannan Inna ta leƙo ta ce ana kirana. Na saka hijabi na je na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Kulu, matso, ba cizo niz zo yi ba." Na ɗan matsa. "Kurɓin nan ya hana ni barci. Niz zo nit tambayi babanki, yac ce wanda bai sani ba babu komi kansa. Nic ce to Malam, in ni da nis sha babu komi kaina, ita da ta haɗa ba da sani ba fa?"

Baba ya ce, "Ba haɗawar ke damuna ba." Karon farko ke nan da ya dube ni tun Argungu. "Kulu, da kinka buɗe famfon, tun kofin farko kin ji warin?"

Ba wanda ya san amsar sai ni da Umaru, shi kuwa ba zai taɓa faɗa ba. In na ce sai daga baya na gane, maganar ta mutu. 

"Na ji, Baba."

"Kuma kinka ci gaba da zubawa."

"Na ci gaba."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Na gan ki. Daga inda nike zaune ina hangen bayan motar. Na ga kin kai hannu ga hanci kin tsaya, ban gane ba sai daga baya. Da yanzu kin ce min ba ki ji ba, da ke da aiki har abada."

Kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Tsoro na ji, Baba. Na mabuɗin nan da na ɓoye muku."

"Shi ne ya kai ki. Ƙaramin ɓoyo shi ka haihuwar babba."

Alhaji ya gyara zama. "Malam, bari in faɗi nawa. Da yarinyar ga ta yi shiru, da mun sha mun yi hamdala mun watse. Ka dai ga yadda kofi ya zagaya, maza da gemunansu, an rasa mai cewa uffan. Ita kaɗai ta buɗe baki, kuma ta san abin da zai biyo baya. Ta makara da kofi guda, nawa. Ni kuwa na yafe shi. Kai naka ko leɓe bai taɓa ba."

 Na fara jin masu alwala suna taruwa a ƙofar gida, magariba ta gabato. Sai Baba ya ce mini, "An fitar da kayan mutumin nan daga wurin aikinku?"

"An fitar, Baba."

"To gobe ki koma aikinki. Abin da kinka gani wanda ba ki gane ba, ki tambaya. Abin da kinka ji tsoron gaya min, shi za ki fara gaya min." Ya mayar da carbinsa aljihu. "Tashi ki kawo ma baƙo ruwa."

Na miƙe. Na kai bakin ƙofa Alhaji ya kira ni.

"Kulu."

"Na'am, Baba Alhaji."

"Na randa."

Ina jin Baba ya yi dariya, 'yar kaɗan, ta hanci. Na ɗebo ruwan a kwanon sha, kuma kafin in kai musu, a tsakar gida, sai da na kai shi hanci na shaƙa.